RUMBUN TSOKA DA MABUƊINSA

Wanda ya san Jos ya san unguwar Abattoir, wadda mu ke kira Abatuwa, gama daga mayankar garin ta samo sunanta. Wata safiya cikin hunturu na tafi can sayen nama, na tarar da wani dattijon mahauci da muka saba yana jujjuya wata cinya yana tsaki. Na gaishe shi, na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Malam, dubi naman nan. Ka ga ya yi duhu, ya yi tauri, in ka taɓa kamar yana manne wa hannu? Wannan sa a gajiye aka yanka shi. Daga saukowarsa mota ba a bari ya huta ba. Irin wannan nama ba ya jimrin ajiya, gobe war haka ya soma wari."

Na ce, "To, Baba, me ya haɗa gajiyar sa da warin nama?"

Ya yi dariya ya ce, "Mu dai haka muka tarar wurin iyayenmu. Dalili kuwa ai naku ne, ku masu littafi."

Maganar dattijon nan gaskiya ce, dalilinta kuma sananne ne. Abin da ya sa na ga ya kamata in rubuto shi cikin mujallarmu shi ne, wannan dalili ɗin shi ne ke bayyana halin waɗansu yara da a kan yi wa shaidar ragwanci a filin wasa, alhali kuwa ba ragwaye ba ne, da wata cuta aka haife su. Ku da za ku fita ku riƙe aji nan ba da daɗewa ba, yaran mutane za a danƙa muku, saboda haka ya kyautu ku san wannan abu.

Inda tsoka ke samun ƙarfi

Abin da mahauci ke kira tsoka, watau jan naman nan marar ƙashi, shi ne ke motsa jikin dabba da na mutum. Ba ka iya ɗaga ko yatsa sai wata tsoka ta ɗaure ta ja ƙashi. Ko wane ja kuwa sai an biya shi, abin da a ke biya da shi kuma wani sinadari ne da masana suka gano cikin 1929, suna taƙaita sunansa da ATP. Mu ɗauke shi kamar tuwon da ke cikin akushi, an riga an tuƙa, ci kawai ya rage. Amma akushin ƙarami ne ƙwarai. In mutum ya zura da gudu, ATP ɗin da ke cikin tsokarsa ba ya wuce sakan 2 ko 3. Akwai wani ɗan guzuri kusa da shi mai suna fosfokiriyatin, wanda ke sāke cika akushin nan da nan, shi ma cikin sakan 10 ko kusa da haka ya ƙare. Daga nan tilas a koma ga girki.

Kayan girkin wuri biyu su ke fitowa. Na fari yana cikin gida, watau cikin tsokar kanta. Sa'ad da muka ci tuwo ko dankali ko doya, hanji ya kan mai da su wani irin sukari mai suna gulukos, jini ya ɗauka ya rarraba. Wanda ba a bukata nan take sai jiki ya ƙuƙƙulla shi kamar dammunan gero, ya ajiye. Wannan ajiya ita a ke kira gilaikojin. Wani Bafaranshe mai suna Claude Bernard ne ya fara fid da ita daga hanta cikin 1857. Babban mutum yana da kimanin gram 400 nata cikin tsokokinsa, da kimanin gram 100 cikin hantarsa. To, wadda ke cikin tsoka ita ce rumbun gida.

Wuri na biyu kasuwa ce, watau sukarin da hanta ke saki, da kitsen da jiki ya tara ƙarƙashin fata da cikin ciki. Waɗannan suna da yawa, balle kitse, wanda zai iya riƙe mutum kwana da kwanaki. Sai dai nesa su ke da tsoka. Sai zuciya ta ƙara bugu, hanyoyin jini sun buɗe, an yi dako an kawo, kitse kuma ba ya ƙonuwa sai da iskar oksijin isasshiya. Wannan shiri ya kan ci mintoci. Saboda haka a farkon ko wane aiki, da kuma duk sa'ad da aikin ya yi tsanani, kamar gudun yada ƙanin wani, ko hawan tudu, ko ɗaga buhu, rumbun gida ne madogara.

Saura abu guda. Babu wani canji da ke aukuwa cikin jiki sai da waɗansu ƙananan ma'aikata da a ke kira enzayim. Ko wannensu aiki ɗaya ya iya, ba ya yin na wani. In kuna so ku nuna wa yara aikin enzayim cikin aji, ku ba su ɗan gutsuren burodi su yi ta taunawa ba su haɗiye ba. Bayan an jima za su ji ya soma zaƙi, domin enzayim ɗin da ke cikin miyau ya fara kwance shi yana mai da shi sukari. Hakanan kuma akwai enzayim wanda aikinsa ke nan buɗe rumbun tsoka ya kwanto damin gilaikojin, sunansa fosforiles. Waɗansu masana biyu, miji da mata, Carl Cori da Gerty Cori, su suka bayyana aikinsa a Amurka, har aka ba su kyautar Nobel cikin 1947. Fosforiles shi ne mabuɗin rumbu.

In tsoka tana cin gilaikojin da gaggawa, ta kan fitar da wani tsami mai suna laktik, irin wanda ke sa nono ya yi tsami cikin ƙwaryar Bafillatana. Jini ya kan kwashe shi, zuciya da sauran tsokoki su ƙone wani, hanta ta mai da wani sukari. Ku riƙe wannan tsami a zuciyarku, gama shi ne shaidar cewa an buɗe rumbu.

Amsar tambayar mahauci

Yanzu mu koma Abatuwa. Sa'ad da aka yanka sa, jini ya tsaya, kasuwa ta tashi ke nan. Amma tsoka ba ta mutuwa nan take. Ta kan ci gaba da buɗe rumbunta tana ci, tana fitar da tsamin laktik, babu kuma jinin da zai kwashe shi, sai ya taru cikin naman. Masana suna da wani ma'aunin tsami da su ke kira pH, wanda in lambarsa ta yi ƙasa tsami ya ƙaru ke nan. Tsokar sa mai rai tana wajen 7, bayan yanka da kwana guda ta kan sauko wajen 5.5. Wannan ɗan tsami shi ke sa nama ya yi ja mai haske, shi ke kuma rage wa ƙwayoyin ruɓa hanzari. In ATP ya ƙare ƙaf, tsokar sai ta sandare, domin tsoka tana bukatar ƙarfi wajen saki kamar yadda ta ke bukatarsa wajen ɗaurewa. Shi ya sa gawa ke sandarewa.

To, san da aka koro daga nesa da ƙafa, ko wanda ya kwana biyu tsaye cikin mota da yunwa da tsoro, ya riga ya cinye rumbunsa tun yana da rai. In an yanka shi a haka babu gilaikojin da zai zama tsami, ma'aunin sai ya tsaya sama da 6, nama ya yi duhu, ya yi tauri, ya yi saurin lalacewa. Maganin abin shi ne wanda mahauta suka gada, a bar dabba ta huta, a ba ta ruwa da ciyawa, kāna a yanka.

Wancan sa rumbunsa ne ya zama wayam. Amma yaya ke nan in rumbun cike ya ke maƙil, mabuɗin ne babu?

Mutumin da ya je wurin Likita McArdle

Cikin 1951 wani likita mai suna Brian McArdle, na asibitin Guy's a birnin Landan, ya ba da labarin wani mutum ɗan shekara 30 da ya zo wurinsa. Mutumin ya ce tun yana yaro, in ya yi ɗan aiki kaɗan sai tsokokinsa su yi ciwo, su raunana, su ƙage, sai ya tsaya ya huta. Ga shi kuwa a ido lafiyayye ne.

McArdle ya ɗaura masa abin awon jini a dantse ya matse, don ya tsai da jinin da ke zuwa hannu, watau ya rufe hanyar kasuwa. Ya ce ya yi ta damƙe hannu yana saki. Ba a jima ba hannun ya gaza, yatsu suka lanƙwashe suka ƙi miƙewa. Likita ya ɗebi jini daga hannun ya auna. Ga mai lafiya, bayan irin wannan aiki tsamin laktik ya kan ninka sau da yawa. Ga mutumin nan bai ƙaru ba ko kaɗan. Daga nan McArdle ya gane cewa tsokar mutumin ba ta iya cin gilaikojin ɗinta. Cikin 1959 waɗansu ƙungiyoyin masana biyu a Amurka, ɗaya ta Mommaerts, ɗaya ta Schmid da Mahler, suka binciki tsokar masu irin wannan hali, suka tarar gilaikojin ya taru fiye da kima, fosforiles kuwa babu. Tun daga nan a ke kiranta cutar McArdle.

Wannan labari ya gyara mana wani kuskure da aka daɗe ana koyarwa, wai tsamin laktik ne ke kawo ciwon tsoka duka. Ga mutanen da ba sa fitar da shi, su ne kuwa suka fi kowa jin ciwon. Hakanan tsamin jiki da ka ke ji kashegarin wasa ba laktik ba ne, gama shi cikin sa'a guda ko kusa da haka jini ya kwashe shi.

Haɗarin cutar yana nan ne, in mai ita ya ji ciwo amma ya cije, ko aka tilasta shi ya ci gaba. Tsokar sai ta ƙage ta yi tauri kamar itace, ta kumbura, ta yi sa'o'i ba ta saki ba. Zarurrukanta su kan fashe, abin da ke cikinsu ya zuba cikin jini. A ciki akwai wani jan sinadari mai suna mayogulobin, shi ne ke ba nama launinsa. In ya isa ƙoda, fitsari ya kan fito ja-ja baƙi-baƙi kamar shayin da ba madara, in kuwa ya yi yawa ya kan toshe ƙodar har ta daina aiki. Kimanin rabin masu cutar sun taɓa ganin irin wannan fitsari.

Numfashi na biyu

Amma akwai wata rahama cikin abin. Mai cutar McArdle in ya fara tafiya, cikin minti 2 ko 3 sai ƙafafunsa su yi nauyi, zuciya ta yi ta bugu kamar wanda ya yi gudu. In ya rage sauri, ko ya ɗan tsaya ciwon ya lafa ya ci gaba a hankali, bayan minti 6 zuwa 10 sai ya ji an sake shi. Bugun zuciya ya sauka, ciwo ya tafi, ya iya yin tafiyar sa'a guda ko fiye. Likitoci sun sa wa wannan suna numfashi na biyu, sun kuma rubuta bayaninsa tun 1961.

Wanda ya bi misalinmu ya riga ya san dalili. Cikin mintocin nan ne 'yan dako suka iso daga kasuwa, watau jini ya kawo sukarin hanta da kitse. Mabuɗin rumbun tsoka kaɗai ya ɓace, na hanta wani ne dabam, yana nan lafiya lau. Nan karin maganarmu ya faɗa daidai, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Cikin 2003 likitoci biyu, John Vissing na Danmak da Ronald Haller na Amurka, suka gwada ba masu cutar gram 75 na sukari cikin abin sha kafin su hau keken gwaji. Aka ga wahalar farkon nan ta ragu ƙwarai, domin sukari ya riga ya cika jini, tsoka ba ta jira ba. Daga baya aka ga gram 37 ma ya isa in an sha minti 5 kafin a fara. Sai dai ba abin yi kullum ba ne, gama yawan sukari yana kawo ƙiba, ƙiba kuwa ƙarin kaya ne ga tsokar da ke fama. Cikin 2006 kuma Haller da abokan aikinsa suka sa masu cutar su 8 tuƙin keke a hankali sau 4 ko wane mako har mako 14, ƙarfin aikinsu ya ƙaru da wajen sulusi, ba tare da wata illa ba. Ashe zaman kawai ba shi ne magani ba. Motsa jiki bisa ƙa'ida shi ke faɗaɗa hanyar kasuwa.

Yadda a ke gadonta

Ko wane enzayim yana da ƙwayar gado da ke koya wa jiki yadda zai ƙera shi, ko wane mutum kuma biyu ya ke da su, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. In ɗaya ta lalace, ɗayar ta isa, mutum yana lafiya bai ma san yana ɗauke da kome ba. Sai biyun duka sun lalace cutar ke bayyana. Wannan daidai ya ke da abin da kuka sani game da sikila. In uwa da uba duk suna ɗauke da ita, ko wane ciki yana da rabo 1 cikin 4 na zuwa da cutar, mace ko namiji. 'Yan'uwa na jini sun fi bare yiwuwar ɗaukar lalatacciyar ƙwaya iri ɗaya daga kaka guda, shi ya sa irin waɗannan cututtuka suka fi fitowa inda auren zumunci ya yi ta maimaituwa cikin gida ɗaya. Wannan ba laifin kowa ba ne, ba sammu ba ne, ba ta kuma yaɗuwa daga yaro zuwa yaro.

A ƙasashen da aka ƙidaya, ana samun kimanin mutum 1 cikin 100,000 da ita. Da yawansu ba a gane abin da ke damunsu sai sun wuce shekara 30, bayan sun sha gori tun daga makarantar firamare. Ba mutane kaɗai ba, likitocin dabbobi sun same ta cikin shanun Charolais, 'yan asalin Faransa, cikin 1995, da kuma tumakin Merino na Ostiraliya cikin 1997. Maraƙin da ke da ita ya kan faɗi in an kora garke.

'Yan'uwanta biyu

Kada wani ya karanta wannan ya ce ya sami magani, duk yaron da ya gaji a ɗura masa sukari. Cikin 1965 wani likitan Japan mai suna Seiichiro Tarui ya bayyana wata cuta mai kama da ta McArdle, wadda enzayim ɗin da ya ɓace yana gaba kaɗan cikin aikin. A misalinmu, mabuɗi yana nan, amma dutsen niƙa ne ya fashe. Hatsin rumbu ba ya niƙuwa, wanda aka sayo kasuwa ma haka, sai kitse kaɗai ya rage musu. Su ba su da numfashi na biyu irin na waɗancan, in kuwa sun sha sukari kafin aiki sai abin ya ƙara muni, domin sukari ya kan sa jiki ya rage sakin kitse. Alamu ɗaya, shawara dabam. Rarrabe su aikin likita ne.

Ta biyun ita ce ta fi kusa da mu, gama a ƙasarmu ba a rasa masu ita ko a aji guda. Sunan enzayim ɗin G6PD, aikinsa kuwa tsare jajayen ƙwayoyin jini daga lalacewa. An gano ƙarancinsa cikin 1956 a Chicago ta Amurka, wurin mutanen da jininsu ya fashe bayan sun sha maganin zazzaɓi mai suna primaquine. Mutane kimanin miliyan 400 ke da wannan ƙaranci a duniya, a Nijeriya kuwa wajen namiji 1 cikin 5 ko 6. Ya fi bayyana ga maza, domin ƙwayar gadonsa ta wajen uwa ɗa namiji ke samunta, ba shi kuma da ta biyu da za ta rufa masa. Farfesa Lucio Luzzatto, wanda ya yi aiki a asibitin jami'a na Ibadan daga 1964 zuwa 1974, ya nuna cewa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ba ta jin daɗin zama cikin irin wannan jini, abin da ya sa ƙarancin ya yawaita a ƙasashen sauro ke nan.

Masu ƙarancin G6PD galibinsu suna gudu suna ƙwallo kamar kowa, ba dalilin hana su wasa. Abin da ke tā da nasu shi ne waɗansu magunguna, da zazzaɓi mai tsanani, da fararen ƙwallayen kafur ɗin nan da a ke sa wa cikin akwatin tufafi, waɗanda ke jawo wa jarirai shawara. Su ma fitsarinsu ya kan yi duhu, amma daga fashewar jini ne, idanunsu kuma su yi rawaya.

Abin da ya rataya a wuyan malami

Ba a ce ku zama likitoci ba. Abin da a ke so, ku zama masu lura. A ce kana da yaro a ajinka wanda kullum in an fita motsa jiki shi ke baya. Kafin ka yanke masa hukunci, duba waɗannan abubuwa. Shin tun farkon gudu ya ke tsayawa, cikin minti na fari ko na biyu, sa'ad da sauran ko zufa ba su yi ba? Shin in an bar shi ya huta kaɗan ya kan ci gaba, har ya fi jin daɗi daga baya? Shin hawan tudu da matakala, da ɗaukar bokitin ruwa, sun fi ba shi wuya bisa doguwar tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri? A gari irin Jos, mai tuddai da duwatsu, wanda bisansa ya kai wajen ƙafa 4,000 daga teku, wannan ba ya ɓoyuwa. Shin ya taɓa cewa hannunsa ko ƙafarsa ta ƙage ta ƙi saki? Akwai wani cikin 'yan'uwansa mai irin halin? Rago na gaskiya ya kan zaɓi aikin da zai ƙi, ka gan shi da ƙarfinsa in an zo abin da ya ke so. Wannan kuwa ko wasan da ya fi ƙauna jikinsa ba ya bari.

In ka ga waɗannan alamu, ka je wurin iyayensa cikin ladabi, ka ba su shawara su kai shi babban asibiti, irin asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, su faɗa wa likita dukan abin da aka lura. Akwai awon jini mai suna CK wanda ke nuna ko tsoka na lalacewa, ga masu cutar McArdle kuwa ya kan yi sama ko suna hutawa. Bayansa akwai awon hannu irin na McArdle, da awon ƙwayar gado.

Kafin nan ga abin da za ka yi a filin wasa. Ka bar shi ya fara da tafiya a hankali kamar minti 10. In ya ce ya ji ciwo ya rage sauri ko ya tsaya, in ya lafa ya ci gaba. Kada ka sa shi tseren gudu, ko jan igiya, ko kokawa, ko ɗaukar kaya mai nauyi, ko wani aiki da za a ɗaure tsoka a riƙe ta wuri ɗaya. Kada kuma ka zaunar da shi gindin bishiya yana kallo, gama zama yana ƙara raunana shi, yana kuma ware shi daga abokansa. Ka kwaɓi masu yi masa ba'a.

Sa'an nan ga maganar gwale-gwale. Tsallen kwaɗo, da kamun kunne, da tsugunno hannuwa a sama, su ne ainihin irin aikin da ke dogara ga rumbun tsoka kaɗai. Ga yaro mai cutar McArdle, minti kaɗan na wannan horo ya isa ya kai shi gadon asibiti. Ko yara masu cikakkiyar lafiya ma, likitoci a ƙasashe dabam dabam sun sha karɓar waɗanda tsokar cinyarsu ta fashe, fitsarinsu ya yi baƙi, bayan an sa su tsugunna-tashi sau ɗaruruwa. Malamin da ya san wannan ya nemi wata hanyar horo.

Na ƙarshe, kuma mafi girma, duk yaron da ya ce fitsarinsa ya yi ja ko baƙi, a ba shi ruwa ya sha da yawa, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira gobe. Ko daga tsoka ne, ko daga fashewar jini, ko zazzaɓi, ko tsargiya, babu wanda a ke zama da shi a gida. Yara suna jin kunyar faɗin irin wannan, saboda haka sai malami ya gaya musu tun da wuri cewa faɗin ba abin kunya ba ne.

Mai yiwuwa ne ka yi shekara 30 kana koyarwa ba ka gamu da mai cutar McArdle ko ɗaya ba. Amma ba za ka rasa mai sikila ba, ko mai ƙarancin jini, ko mai ciwon zuciya, ko wanda ya fito gida bai karya kumallo ba, dukansu kuwa baya su ke zama in an fita gudu. Halin da ka koya domin wancan guda ɗaya, watau ka tambaya kafin ka ɗaga bulala, shi zai amfani waɗannan duka. Jiki magayi ne, in an saurare shi.

Na koma Abatuwa bayan mako guda na kai wa dattijon nan amsarsa. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ashe dai iyayenmu ba su yi ƙarya ba." Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Malam, in dabbar da za a yanka ana bari ta huta, ai ɗan mutum ya fi cancanta." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ba mu, amin.